Ƙi Gudu da Kasa Gudu

Hausawa suka ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Karin magana ce da ake yi cikin raha, amma akwai hukunci a ƙarƙashinta: duk wanda ya zauna bai motsa ba da gangan ya zauna, kuma ranar da aka ga uwar bari za a ga ƙafarsa. A ƙasar Gobir ta yau, daga Isa zuwa Sabon Birni har ƙauyukan bakin iyaka, maganar ta daina ba da dariya. Sa gudu ya zo, ya kuma samu wurin zama. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma, kuma dubban jama'a sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. A irin wannan wuri, bambance wanda ya ƙi motsi da wanda ya kasa shi ne bambance wanda za a ɗauka da wanda za a bari a baya.

Shi ya sa muke so mu tsaya a kan tambaya guda: me jikin mutum yake iya gaya mana game da niyyarsa, kuma yaushe ne shaidar jiki take zama shaidar zur?

Mu mutane ne masu karanta hali a jiki. Yaron da bai yi saurin durƙusawa ya gaida babba ba, mun ce ba shi da tarbiyya. Maigidan da baƙo ya yi sallama ya daɗe bai fito zaure ba, mun ce wulaƙanci ne. Wanda aka yi masa albishir fuskarsa ba ta sake ba, mun ce baƙin ciki yake yi, domin ai labarin zuciya a tambayi fuska. Karkarwa kuwa ta fi duka muni. Hannun da ke rawa, ko na matsoraci ne, ko na mara gaskiya, ko na mashayi. A ƙasar da ake yi wa kirari da gidan faɗa, inda har gobe ake tinƙaho da Bawa Jan Gwarzo da birnin Alƙalawa, babu abin da namiji zai ɓoye cikin aljihun riga kamar hannun da ya ƙi tsayawa.

Galibi wannan karatu yana yin daidai, shi ya sa ya daɗe. Amma akwai wata cuta da take rushe shi baki ɗaya, kuma tana cikinmu.

Cutar da ke yi wa mai ita ƙazafi

Mu ƙaddara wani manomi ne da ya haura sittin a wani ƙauye na bakin Gulbin Rima. Abin yakan fara da hannu ɗaya: yana zaune yana hutawa sai yatsun su riƙa motsi kamar mai jan carbi, da ya miƙa hannun zai ɗauki moɗa sai rawar ta lafa. Bayan shekara ɗaya ko biyu tafiyarsa ta zama ƙanana-ƙananan taku, ya ɗan duƙa, hannun nan ba ya lilo in yana tafiya. Muryarsa ta yi ƙasa. Fuskarsa ta daskare, ƙiftawar ido ta ragu. Saka maɓallin riga ya zama aiki. Wata rana zai zo bakin ƙofar masallaci, ƙafafunsa su manne da ƙasa kamar an liƙa su da ƙaro, mutane na bayansa suna jira, yana jin su, yana so ya wuce, ƙafa ta ƙi.

Wannan ita ce cutar da wasu ke kira makyarkyata, likitoci kuma suke kira cutar Parkinson, da sunan wani likitan Landan, James Parkinson, wanda ya siffanta ta a 1817 daga mutum shida kacal, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Wanda ya ga Muhammad Ali a 1996 yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa, ya ga cutar nan. Ba wanda zai ce tsoro ne ya kama Ali.

Abin lura shi ne kowace alama ta cutar tana da fassarar da ke jiranta a bakinmu. Nawa ta zama lalaci. Daskarewar fuska ta zama girman kai. Ƙaramar murya ta zama ƙunƙuni. Karkarwa ta zama tsoro ko sammu. Sauran kuma a ce tsufa ne, a rufe magana. Cutar tana cin jikin mutum, sannan ta tsaya a gaban jama'a ta ba da shaida a kan halinsa.

Harshenmu ya taɓa shiga irin wannan hali. Sunan da muke kiran ciwon da ke nakasa ƙafar yara, shan inna, ya fito ne daga imanin cewa wata iska mai suna Inna ce ke shanye gaɓar. Daga baya aka gane ƙwayar cuta ce, aka yi ta ɗiga wa yara rigakafi gida-gida, har a watan Agustan 2020 aka ayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a nahiyar Afirka. Sunan ya zauna, bayanin ya sauya, kuma sauyin bayanin ne ya ceci ƙafafun yara. Makyarkyata na jiran irin wannan sauyi.

Mutumin da ya bi saƙo har inda ya maƙale

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna da ƙa'ida ɗaya da ake koya wa kowane sabon shiga. Idan mutum ya danna maɓalli abu bai faru ba, kada ka fara da zargin mai dannawa. Bi saƙon daki-daki har ka ga inda ya tsaya. Mutanen Isa da Sabon Birni sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu. Wayarka lafiya lau, ka rubuta saƙonka tsaf, ka tura, amma ɗan agogon nan na WhatsApp yana nan maƙale a gefe. Ɗan'uwanka da ke Kano zai iya cewa ka share shi. Gaskiyar ita ce hanya ce babu.

Akwai wani likita ɗan Amurka, Mahlon DeLong, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana bin irin wannan saƙo a cikin ƙwaƙwalwa. An haife shi a 1938, ya rasu a 2024. Kafin ya shigo fagen an riga an san wasu abubuwa. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomaye maganin da ya daskarar da su, sannan ya ba su wani sinadari mai suna lebodofa suka miƙe suna tsalle. Aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz ya auna ƙwaƙwalen mamata a Biyana ya ga cewa masu makyarkyata sun rasa wani sinadari mai suna dofamin, wanda wasu baƙaƙen ƙwayoyin halitta a can ƙasan ƙwaƙwalwa suke samarwa. A 1967 George Cotzias ya nuna a New York cewa lebodofa, in an sha shi da ƙima, yana tayar da waɗanda suka daɗe a kwance. An san abin da ya ɓace, an san abin da ke mayar da shi. Abin da ba a sani ba shi ne yadda rashin sinadari ɗaya yake ɗaure ƙafar mutum.

A ƙarshen shekarun 1960 DeLong ya shiga ɗakin binciken Edward Evarts a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Sassan ƙwaƙwalwa da aka fi sani da harkar motsi duk wasu sun riga sun kama, sai aka bar masa wasu dunƙule-dunƙule da ke can ciki, waɗanda ba a fahimci aikinsu ba. Mu kira su curarrakin gindin ƙwaƙwalwa. Aikinsa shi ne ya zura siririyar waya, ya saurari ƙwayar jijiya guda ɗaya tana harbawa yayin da biri ke motsa hannu, ya rubuta, ya matsa ga ta gaba. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, daga nan har Jami'ar Johns Hopkins. A 1986 shi da Garrett Alexander da Peter Strick suka bayyana abin da suka gano: curarrakin nan tashoshi ne a kan wasu hanyoyi da ke tashi daga saman ƙwaƙwalwa su zagaya su koma, kuma hanyoyin jere suke kafaɗa da kafaɗa, wata ta motsin jiki, wata ta motsin ido, wasu na tunani da shawara, wata ta shauƙi da jin daɗi.

Ana cikin haka wani bala'i ya buɗe ƙofa. A 1982 aka kawo wasu matasa 'yan ƙwaya asibiti a Kalifoniya, sun yi wa kansu allurar wata gurɓatacciyar hodar maye, sun wayi gari a sandare kamar tsofaffin da suka shekara ashirin da makyarkyata. Likita William Langston ya gano gubar, ana kiran ta MPTP, kuma aikinta shi ne kashe ainihin ƙwayoyin da ke samar da dofamin. Da aka ba birai gubar suka kamu da irin ciwon, DeLong ya koma ya saurari ƙwaƙwalensu. Hankali zai ba mutum cewa wanda ya kasa motsi, ƙwaƙwalwarsa ce ta yi shiru. Sai ya ji akasin haka. Wani ɗan curi da bai wuce ƙwayar wake ba yana ta harbawa fiye da kima. Aikin wannan yanki dama riƙe motsi ne, kamar birki, dofamin kuma shi ke sa a saki birkin ga motsin da ake so. Da dofamin ya ƙare sai birki ya kama ya ƙi saki. A 1990 DeLong da Hagai Bergman da Thomas Wichmann suka lalata ɗan curin nan a jikin birai marasa lafiya, birai suka saki jiki suka motsa. A 1993 wani likitan tiyata na Faransa, Alim-Louis Benabid, ya dasa wa majinyaci waya a daidai wurin a birnin Grenoble, yana aika masa da ɗan lantarki daga batirin da ke ƙarƙashin fata. A 2014 aka haɗa su biyun aka ba su kyautar Lasker.

Shekara fiye da ashirin ke nan tsakanin sauraron ƙwayar farko da amsa, kuma birai da yawa sun sha wahala a hanya, abin da bai kamata a manta da shi ba in ana lissafin abin da ilimin ya ci. Amsar kuwa gajeriya ce: injin lafiyarsa lau, direba na kan kujera yana taka totur, birki ne ya maƙale.

"Ai ranar nan ya yi gudu"

A nan ne maganar ta dawo gida, kuma a nan ne tarkon yake. Tun 1921 wani likitan Faransa, Alexandre Souques, ya rubuta cewa wasu masu wannan cuta, waɗanda da ƙyar suke taka ƙasa, sukan zabura su yi gudu a wani yanayi na musamman, sannan su koma yadda suke. Bayan girgizar ƙasar L'Aquila a Italiya a 2009, likitoci sun ba da rahoton majinyata 14 da suka tashi da ƙafarsu suka fice a daren. A 2010 likitoci a Holan sun nuna hoton bidiyon wani mutum da ba ya iya taku kaɗan ba tare da ya sandare ba, amma da aka ɗora shi a kan keke sai ya tuƙa abinsa. Masana na ganin cewa motsin da mutum ke tayarwa daga cikin kansa, irin wanda aka saba yi ba tunani, shi ya fi dogara da hanyar da ta lalace; motsin da wani abu na waje ya kira, kamar ƙara ko layi a ƙasa ko firgici, yana iya samun wata hanyar ya zagaye.

To mu kawo wannan ƙauyen manomin nan namu. Shekara uku ana ɗaga shi ana kwantarwa. Wani dare aka ji harbi, aka gan shi ya haura katanga. Da gari ya waye, ƙura ta lafa, ya koma ba ya iya ɗaga cokali. Me za a ce a gidan? "Ashe Baba yana iyawa. Ai ranar nan ya yi gudu." Daga ranar duk nawar da ya yi ta zama ganganci, kuma karin maganar da muka fara da ita ta samu shaida. Wanda bai san labarin birki ba, ba shi da wata fassarar da ta wuce wannan.

Hatsarin bai tsaya a zargi ba. In iyali suka yarda cewa sa gudu zai tayar da shi, ba za su yi masa tanadi ba. Alhali wannan zabura ba kasafai take zuwa ba. A birnin Haifa, bayan yaƙin 2006, likitoci sun tambayi masu cutar 50 da suka zauna ƙarƙashin ruwan rokoki. Biyu ne kawai suka ce sun taɓa samun irin wannan sakewa, kuma ɗaya ne daga cikinsu ya same ta a lokacin yaƙin. Ga mafi yawansu tashin hankali ƙara karkarwa yake yi, ya ƙara manne ƙafa, musamman a ƙofa ko lungu mai matsi. Ke nan mutum ɗaya zai iya gudu yau ya kasa gobe, kuma duka biyun gaskiyarsa ce. Kalmar "iyawa" da muke amfani da ita kamar abu guda, ashe ɗakuna gare ta da yawa.

In haka ne, wa za a kama da laifi?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana tana da santsi. In muka yarda cewa tsakanin niyya da aiki akwai wayoyin da kan lalace, me zai hana kowane malalaci ya ce ƙwaƙwalwarsa ce? Me zai hana a ce wanda ya ɗauki bindiga ya shiga ƙauye shi ma wayoyinsa ne? Tambayar tana da nauyi, kuma binciken DeLong ƙara mata nauyi ya yi. Tunda hanyar motsi da ta shauƙi maƙwabtan juna ne, kuma duka da dofamin suke aiki, cutar takan taɓa har son yin abu. Da yawa daga masu ita suna fama da baƙin ciki mai tsanani ko mutuwar zuciya, su daina ɗokin abin da suke ɗoki a da. A nan misalin waya ya gaza, domin wani lokaci ba hanya kaɗai ke lalacewa ba, har hannun mai rubuta saƙon yana sanyi.

Duk da haka, a ganinmu, wannan bai rushe alhaki ba. Ya dai nuna mana inda alhaki yake zaune. Muna kama mutum da laifi ne idan dalili yana iya isa ga aikinsa: in an yi masa nasiha zai iya sauyawa, in ya ji kunya zai iya dainawa, in ya hango hukunci zai iya fasawa. Malalaci yana jin waɗannan, shi ya sa in aka ce za a raba taki yakan riga kowa layi, yau da gobe da jibi. Ɗan fashi yana auna riba da hasara, yana zaɓen dare da hanya, yana janyewa in ya ga an fi ƙarfinsa. Dalili na isa ga hannunsa sarai, mugun dalili ya zaɓa. Mai makyarkyata kuwa, yi masa tsawa ka ga karkarwar ta ƙaru. Ba shi ƙwayar lebodofa ka dawo cikin awa guda ka tarar yana ɗaura wa kansa rawani. Abin da faɗa ke tsanantawa, magani ke sassautawa, yana da wuya a kira shi hali.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Tun a makarantar zaure an koya mana cewa wajibi yana tafiya ne da iko, wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, kuma ba a ce sallarsa ta ragu ba. Abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka ƙara shi ne sun nuna cewa rashin iko yana iya ɓuya a jikin da ido ke gani lafiya lau, ba karaya, ba rauni, ba shanyewar ɓarin jiki.

Idan kuma shakka ta zo, muka rasa gane ƙi ne ko kasawa, sai mu auna kuskure biyun. In muka goyi malalaci muna zaton mara lafiya ne, mun yi asarar gumi. In muka bar mara lafiya muna zaton malalaci ne, a daren da ake harbi, mun yi asarar rai, kuma ba ranar gyara. Ma'aunin bai yi kusa da daidaituwa ba. Kyautata zato a nan lissafi ne, kafin ma a zo maganar tausayi.

Me Bagobiri zai ci a wannan ilimi?

Akwai tambaya ta biyu da ba za mu tsallake ba. Dasa waya a ƙwaƙwalwa aiki ne na manyan asibitoci da maƙudan kuɗi da batirin da ake dubawa a kai a kai. Mutumin Isa da hanyar Gundumi ta zame masa abin tsoro, ko na Sabon Birni da sai ya yi addu'a kafin ya wuce Kwanar Maharba, isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ma jihadi ne a wurinsa. Shin shekarun DeLong ba na masu hali ba ne kawai?

Wani ɓangare na amsar zargi ne da ya dace a yi. Lebodofa ya haura shekara 50 a hannun likitoci, yana kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su ba. Amma binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi a shagunan magani fiye da ɗari a faɗin Najeriya, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa maganin ba ya samuwa a wurare da yawa, inda ake samunsa kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Ilimi ya yi nasa. Abin da ya rage tsakanin ƙwayar da bakin manomin aikin gwamnati ne da 'yan kasuwa da mu masu zaɓe.

Akwai kuma alhakin abin da muke fesawa. Gubar da MPTP ke rikiɗewa ta zama a jiki tana kama, ta fuskar gini, da wani maganin kashe ciyawa mai suna farakwat, kuma bincike da dama sun samu cutar ta fi yawa a tsakanin waɗanda suka daɗe suna mu'amala da shi. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da hana shi. Duk wanda ya san fadamun Rima ya san yadda ake feshi: matashi da tanki a baya, ba safar hannu, ba takunkumi, iska na mayar masa da raɓar a fuska. Wanda ya sayar masa bai karanta masa gargaɗin ba, wannan yana da tambayar da zai amsa.

Wani ɓangaren amsar kuma shi ne binciken ya fara waiwayo mu. A 2023, daga Ikko, garin abokan wasan Gobirawa, Okubadejo tare da Mie Rizig ta Landan da wasu masana na Amurka suka fitar da sakamakon nazarin ƙwayoyin gado na masu cutar kusan 1,500, mafi yawansu 'yan Najeriya. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 wanda kusan a jinin Afirka kawai ake samunsa: mai kwafi ɗaya hatsarinsa ya ninka kamar sau ɗaya da rabi, mai biyu kamar sau uku da rabi. Shekara da shekaru ana nazarin jinin Turawa ba a gan shi ba, domin ba a can yake ba. Wanda ba a ƙirga shi a bincike ba, ba za a ƙirga shi a magani ba.

Sai kuma rabon da ba ya buƙatar kuɗin mota. Sanin cewa kira daga waje yana iya zagaye birkin abu ne da kowane gida zai iya aiki da shi yau. In ƙafar dattijo ta manne a bakin ƙofa, kada a ja shi, domin ja faɗuwa yake kawowa. A shata masa layi a ƙasa a ce ya tsallaka, ko a gitta sanda, ko a ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko a tafa masa a hankali. Asibitocin duniya suna koyar da tafiya da bugun kiɗa. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa na Tubali da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ƙasar da gangar noma ke ɗaga hauyar da gajiya ta sauke, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan yadda kiɗa ke shiga ƙafa.

Ya kamata kuma a san cewa ba kowace karkarwa ce makyarkyata ba. Akwai ta gado da ke zuwa in an miƙa hannu, akwai wadda wasu magungunan taɓin hankali da na amai suke haddasawa, wadda kan lafa in likita ya sauya magani. Rarrabe su aikin likita ne. Wanda kuma ya riga ya fara shan lebodofa, yanke shi farat ɗaya yana da hatsari, don haka in za a ɗaure ƙunshin gudun hijira, maganin Baba ya riga tabarma shiga.

Kowane gida a wannan yanki yana da shirin da ba a rubuta ba: wace ƙofa za a bi, wa zai ɗauki jariri, ina za a haɗu in an watse. Abin da muke roƙo shi ne a sa sunan dattijon nan a cikin shirin tun da rana, a faɗi wanda zai goya shi, ko babur ɗin wa zai hau, ko amalanken wa. Kada a jira a ga ko sa gudu zai tayar da shi. A ranakun zaman lafiya kuma, in an gaishe shi ya daɗe bai amsa ba, a ɗan dakata. Amsar tana hanya.